Azumin da Aka Yi wa Motata Fenti

Azumin bana a damina ya faɗo. Masu lissafin wata sun ce sai an shekara talatin da 'yan kai yake zagayowa inda ya taɓa tsayawa. To ni dai ga shi na ga zagayowarsa, ban kuma ce zan ga wata ba. Jiya bayan la'asar ina kishingiɗe a zaure, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya ya ƙi zuba, rediyo na ta surutunta a gefena. Sai na ji ana sanarwa wai an ba masu adaidaita wa'adi su je su yi rajista a buga musu lamba, wanda wa'adi ya cika bai yi ba ya kuka da kansa. Na miƙa hannu na kashe ta. Ba haushi na ji ba. Na dai taɓa jin irin wannan sanarwa a irin wannan wata, lokacin ina da ƙarfina.

Shekara ta uku ke nan, ina jin, da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Murnar farko ta riga ta huce. Ina koyarwa a wata firamare a Gwale, muna zaune a gidanmu na gado a Mandawari, ni da matata Hajara da 'ya'yanmu huɗu. Albashi ya koma irin ruwan shekarar, a ga hadari a yi ta sa rai. Shinkafa da madara da sabulu suka ɓuya, sai ka ji ƙishin-ƙishin an kawo a wani kanti, ka je ka tarar da layi ya kai bakin titi.

Abin da na mallaka a duniya wata tsohuwar farar mota ce, da na saya a hannun wani malamin lissafi Ba'indiye da zai koma ƙasarsu. 'Yan unguwa suka laƙa mata suna Ba'indiya. Ba ta shiga lungunmu, don ko jaki in yana da kaya sai ya karkace yake wucewa. Saboda haka a bakin titi take kwana, a gindin durumin ƙofar gidan Baba Inuwa.

A cikin birni a wancan zamani, wanda Allah ya ba mota ba shi kaɗai ya ba. Mai naƙuda da wanda ya faɗo daga kan soro da tsohuwar da za a kai ganin likita duk suna da rabo a cikinta. A yi sallama a ce, "Malam Garba, ana neman Ba'indiya," shi ke nan. Ba a tambayar nawa ne. Tukuicinka kwanon tuwo, ko a ce Allah ya kai haske kabarin mahaifinka. Wanda ya miƙa maka kuɗi kuwa ya zage ka, kowa ya san haka.

Baba Inuwa marini ne, aminin mahaifina tun suna makarantar allo, shi ya karɓa mini auren Hajara. Hannayensa shuɗi ne har gwiwar hannu, ko da ya shekara bai leƙa karofi ba. Sana'ar ta riga shi kwanciya, don atamfar kamfani ta cika kasuwa, sannan ciwon ƙirji ya zo ya ƙarasa zaunar da shi. Ba shi da ɗa namiji, 'ya'yansa mata suna aure a nesa, daga shi sai matarsa Gwaggo Asabe. Likita ya ɗora shi a kan allura duk ranar Talata a wani asibiti can bayan ganuwa, ya ja masa kunne kada ya kuskura ya tsallake ko ɗaya. Ni nake kai shi. Da an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske, sai ya naɗa baƙin rawaninsa, irin bugaggen nan mai ƙyalli, ya shiga gaba ya harɗe. Dogo ne, rawanin yana gogar rufin motar daga ciki, har wurin ya yi shuni kamar faifai. Hajara ta aiko da sabulu da soso ya fi a ƙirga, daga baya ta haƙura.

Akwai abin da unguwa ba ta sani ba. Da an tashi makaranta sai in cire hulata in tura ƙarƙashin kujera, in nufi Fagge da Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa, inda ba mai kira na Malam, in yi kabu-kabu har magariba. Shekara biyu ina haka. Ba'indiya ce ke ɗora mana tukunya, allo da alli suna ɗaukar sunan. Hajara kaɗai ta sani. Yanzu in na faɗa yara dariya suke yi, suna cewa mene ne abin ɓoyo a neman halal. Ba su san yadda ake kallon malamin makaranta ba a lokacin, ɗan gidan malamai, a gan shi ya leƙo da kai ta taga yana kiran fasinja.

A cikin Sha'aban aka yi sanarwar. Wai za a gyara dokar motocin haya gaba ɗaya, kafin nan ga dokar wucin gadi. Duk motar da ke ɗaukar mutane don kuɗi ta je a rubuta ta, a manna mata takarda a gilashin gaba, a yi mata fenti ruwan ɗorawa da ratsin shuɗi, a buga lamba a ƙofa. Fasinja huɗu, ɗaya a gaba uku a baya, ba ƙari. Wa'adi zai cika da ganin watan Sallah. Wanda aka kama ya karya doka a cikin wa'adin, za a yage takardarsa, ba kuma zai sami ta dindindin ba. Farar mota kuwa in aka gan ta da fasinja, tafiya za a yi da ita. Kafin a kwana uku ma'aikata sun kafa laima a ƙofofin ganuwa suna leƙa motoci.

Na yi kwanaki ina juya maganar, har Hajara ta gaji da ganina ina tsakurar tuwo.

"Malam, ko dai a rufa asirin mota, ko a rufa asirin tukunya," in ji ta. "Biyu ba za su samu ba."

"Kin san me mutane za su ce?"

"Su ce. Fenti yana karya alwala ne?"

Aka ga wata, aka ba mu hutun azumi a makaranta. Kusan kwana goman farko ba a sami ɗigon ruwa ba. Shukar da aka yi a gonakin bayan gari ta tsiro ta lanƙwashe. Iska ba ta motsi, katangun ƙasa su sha rana su yi ta huci har bayan isha. Da sahur Hajara ta ɗumama tuwon jiya, mu tura da ƙyar, mu bi da ruwan randa har ciki ya yi ƙara. Kafin hantsi ya ɗaga harshe ya bushe. Da azahar lungu ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka, maza sun zube a zaure sun jiƙa mayafi sun lulluɓa. Sai la'asar za ka fara jin turmi, gida ya amsa wa gida, ana dakan geron kunun tsamiya. Ƙanƙara kuwa in ka samu guntu kamar sabulun wanki a cikin ɗusar katako, da gudu kake kawo ta gida, a fasa biyu a aika wa su Gwaggo Asabe rabi. An fita roƙon ruwa sau biyu, mun juya riguna bai-bai, muka dawo da ƙafafu a soye.

A cikin wannan zafin na yi kwana uku ina layi a ofishin rajista. Ranar farko takardu sun ƙare. Rana ta biyu mai sa hannu ya tafi taro. Wani direba a gabana ya yanke jiki ya faɗi, aka ja shi inuwa aka yayyafa masa ruwa, layi ya matsa ya cike gurbinsa, har da ni. Rana ta uku aka manna mini takardar, shuɗiya, ba ta fi tafin hannu ba.

Na kai Baba Inuwa allurarsa ranar Talata, ranar Laraba na kai motar wurin mai fenti a Fagge. Na ce wa 'yan unguwa tana wajen bakanike. A ranar ruwa ya ɓalle. Mai fenti ya ce in iska da danshi fenti ba ya kamawa, sai ta kwana huɗu a rumfarsa. Na dawo a ƙasa, ruwa na dukana, mutane na ta hamdala a bakin hanya, ƙanshin ƙasa ya cika gari. Ni lissafin yadda zan shigo da ita unguwa kawai nake yi.

Na zaɓi tsakar ranar Lahadi, lokacin da na san kowa yana kwance. Na shigo a hankali na tsaya a gindin durumi. Ashe Baba Inuwa yana zaune a kan buzunsa a dakali, zafin ɗaki ya koro shi. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dogara sandarsa ya taso, ya zagaya ta, ya sa ɗan yatsa ya shafi ratsin.

"Wa ya yi maka wannan aikin, Garba?"

"Wani ne a Fagge, Baba."

"Wannan shi ne shuɗi a wurinsa? Da a karofi ne da an kore shi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya tsaya a kan lambar da ke jikin ƙofa. "Haya za ta fara ke nan."

Da na ce e, da maganar ta tsaya nan. Amma ban saba yi masa ƙarya ba.

"Ta daɗe tana yi, Baba. Doka ce ta tona mu."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya koma ya zauna. Ya kalli hannayensa, ya juya su.

"Ashe abincin su Hajara nake hawa duk Talata."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Motarka ce."

"Na sani," in ji shi. "Allah ya sa albarka. Shiga gida ka huta, kana azumi."

Surutun da na ji wa tsoro bai zo ba. Kwana biyu aka yi ana tsokanata a masallaci, wani ya ce Ba'indiya ta yi lalle, aka wuce wurin. Abin da ya zo daban ne, shi ne aka daina sallama a ƙofata. Matar maƙwabcinmu ta fara naƙuda, aka je har titi aka tsayar da wata tasi, tawa tana tsaye a gindin durumi. Ba gaba suke yi da ni ba. Su ba mu kuɗi zagi ne, su hau kyauta kuma yanzu cin haƙƙi ne, ga azumi a baki. Sai kowa ya zaɓi ya kauce.

Ranar Talata na fito na kunna mota na jira, Baba bai fito ba. Na shiga na same shi a zaure, ba rawani, yana jan carbi.

"Baba, rana tana yi."

"Af, ban gaya maka ba? Likita ya ce in huta da allurar sai bayan Sallah."

A cikin gida Gwaggo Asabe tana daka. Na ji taɓaryar ta tsaya.

Na san ba gaskiya ba ne, shi ma ya san na sani. Amma ta yaya zan dubi aminin mahaifina in ce masa ƙarya yake yi? Haka na gaya wa kaina, kuma haka ne. Sai dai akwai saura, tunda yau na zauna faɗa. Safiyar Talata safiya ce ta fasinja, ga hutu, ga Sallah na matsowa yara ba su da ɗinki. Wani abu a cikina ya ji sauƙi. Na ce, "To alhamdu lillahi, Allah ya ƙara afuwa." Na fita na ja motata.

Daga nan ruwa ya zauna da gindinsa. Abin da aka roƙa aka samu har ya yi yawa. Lunguna suka zama kwata, indararo na zuba dare da rana, azara ta fara ɗiga, Hajara ta jera kwanoni a tsakar ɗaki. Katangar bayan gidanmu ta zauna, muka taru da maƙwabta muka kwaɓa ƙasa muka tayar da ita da azumi a bakinmu, washegari ta wani ta faɗi muka koma can. Itace ya jiƙe, kunu ya riƙa ƙaurin hayaƙi. Ƙishirwa ta ragu, yunwa ta karɓe ta, irin mai sa mutum ya yi ta hamma yana jin sanyi a ƙashi. Ni kuwa kasuwa ta buɗe mini, don in ana ruwa kowa mota yake nema.

Talatar da ta biyo, tun da safe ake tsuga shi. Na ɗauki mutum huɗu a bakin titinmu za su bayan gari. A Ƙofar Ɗan Agundi muka tarar da layin motoci, ma'aikata biyu cikin rigar ruwa suna leƙawa suna ƙirga kawuna. Ina tsaye a layin ne na hango Baba Inuwa. Yana bin gindin ganuwa da sandarsa, ya ninke buhu ya kifa a kan rawani, yana taku uku ya tsaya ya yi tari. Ruwa ya jiƙa rawanin, shuni na gangarowa ta fuskarsa yana sauka a kan farar rigarsa. Ashe bai daina zuwa allurar ba. A ƙasa yake zuwa, don ba shi da abin ba wata motar.

Ya ɗago ya ga Ba'indiya. Da tana fara ma da ya gane ta, balle yanzu da ake hango ta tun daga nesa. Sai ya juya ya fuskanci ganuwa, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya tsaya a haka.

Ba gudu nake yi ba balle in ce na wuce kafin in ankara. A tsaye nake cik. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Hannu kawai zan miƙa in buɗe ƙofa. Amma kawuna za su zama biyar, ga shi mota biyu a gabana ana kankare takardar wani daga gilashi, yana roƙo da hannu biyu. In sauke mutum ɗaya fa? Wannan tunanin sai bayan kwana biyu ya zo mini, ina alwala. A lokacin ba abin da ya zo mini. Ina kallon bayansa, ina kallon 'yar shuɗiyar takardar, ruwa na bin gilashi.

Na gaba ya matsa. Mutumin da ke zaune a kujerar Baba ya ce, "Direba, mu je mana."

Na sa giya muka wuce. Aka ƙirga mu, huɗu daidai.

Na ce a raina in na sauke su zan juyo. Kafin na ƙarshe ya fita wasu huɗu sun shige, suna ɗiga, suna faɗin inda za su. Na kai su. Wasu suka shiga. Sai da aka kira azahar na biyo hanyar, na bi gindin ganuwa a hankali, ba kowa sai ruwa. Ranar na samu abin da ban taɓa samu ba tun da na fara haya. Na sayo wa yara yadi, na sayo tsire na buɗa-baki. Na ci, ban ji ɗanɗanonsa ba, ban kuma ƙi ci ba.

Sai la'asar Baba ya iso gida, in ji Hajara, zazzaɓi ya rufe shi. Bayan an sha ruwa na ɗauki kwanon kunu da kaina na shiga. Yana kwance an lulluɓe shi da bargo biyu, fuskar an goge amma shunin bai fita daga gemunsa ba.

"Garba ne? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Sanyin damina ne."

Na zauna ina kallon tabarma. Can na ce, "Baba, Talata mai zuwa ni zan kai ka, ko kana so ko ba ka so."

"Allah ya kai mu," in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi Baba Inuwa ya cika, azumi ashirin da bakwai. Aka yi masa sutura, muka ɗauki makara a kafaɗa muka wuce ta gefen Ba'indiya, don gawa a birni ba ta bukatar mota. Kabarin ya tara ruwa, sai da aka sa ƙwarya aka kwashe. Ni na shiga na karɓe shi, tunda ba shi da ɗa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na jira kuka ya zo bai zo ba, a maƙabarta bai zo ba, a gida ma haka. Na yi zaman makoki na kwana uku, ana yi mini gaisuwa kamar ni na haife shi ko shi ya haife ni, ana cewa ai Malam Garba ya yi wa tsohon nan hidima, Allah ya biya shi. Ina amsawa da amin.

Aka sha Sallah, yara suka sa sabon ɗinki. Kwana biyu bayan nan rediyo ta ce an ƙara wa'adi da wata uku, saboda masu motoci da yawa ba su samu sun yi fenti ba. Da wata ukun ya cika aka sake ƙarawa. Laimomin ƙofar ganuwa suka ragu, suka ɓace. Daga baya soja suka dawo, ba wanda ya sake tambayar takardar. Fararen motoci suka ci gaba da lodi a gefena, shida shida, bakwai bakwai. Tawa takardar rana ta cinye ta a jikin gilashi har ta koma fara. Shunin rufin ne bai koɗe ba. Fasinja mai farar hula yakan ɗaga kai ya ce in sa a wanke wurin, in ce to.

Da Gwaggo Asabe ta fita takaba, 'yarta ta zo za ta tafi da ita garin da take aure. Ni na ce zan kai su tasha, ban jira an yi sallama ba. Na ɗora akwatinta da tabarmi a but ɗin bayan mota, 'yar ta koma ciki ɗauko buta. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ba ta dube ni ba.

"Garba, akwai saƙonka a wurina. Ya ce kada in faɗa sai zan bar gidan."

"Ina ji, Gwaggo."

"Ya ce in gaya maka, ranar nan a Ɗan Agundi, shi bai gan ka ba."

Na riƙe murfin but ɗin. Ta tsaya tana jira, don saƙo yana son amsa.

Na ce, "Ni ma ban gan shi ba, Gwaggo."

"To," in ji ta. "Haka ya ce za ka ce."

Ta shiga baya ta zauna. 'Yar ta fito da buta ta zauna kusa da ita, na rufe but na kai su tasha.